Gumin Mata a Gona da Sana'ar Abinci: Tambayoyin da Ake Yawan Yi a Gombe da Bauchi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawo a bakin mata masu ƙwadagon gona, da masu gumin shinkafa, da masu ƙuli-ƙuli da daddawa da awara, da masu aiki a gidajen abinci. Wasu kuma maza ne ke yin su, ko don neman sani ko don musu. An tattara su wuri guda saboda tushensu ɗaya ne: aikin yana hannun mace, amma gonar da mudun awo da kuɗin da aka samu sau da yawa suna hannun wani.

Wai matan ƙasar nan noma suke yi? Ai yawancinsu suna cikin gida.

Ya danganta da inda ka tsaya. Je ka Billiri ko Kaltungo ko Balanga ko Shongom da damina, ko Dass da Bogoro da Tafawa Ɓalewa a Bauchi, za ka ga mace da fartanya tun shuka har girbi, wata ma da goyo a baya. A Dukku da Nafada da ƙasar Katagum da Misau, inda zaman kulle ya fi ƙarfi, ba ka cika ganin matar aure a kunya ba, amma za ka ga tsofaffi da zawarawa da 'yan mata suna roron wake, suna tsinkar gyaɗa, suna shiƙa a masussuka. Matar da ke cikin gidan kuwa ita ke ɓarar gyaɗar, ta yi surfe, ta soya, ta matse mai, ta turara shinkafa, ta shanya kuɓewa da kuka da kauɗar tumatir. Wata tana da gayaunarta, tana biyan 'yan ƙwadago daga cikin ɗaki. Bafulatana kuma ita ke da nono da man shanu, ita ke kai su kasuwa a kanta.

Abin da ke rikita lissafin shi ne mun saba kiran mai kaftu da huɗa manomi, sauran aikin kuma mu kira shi aikin gida. To amma dawa a zangarniya ba tuwo ba ce, gyaɗa a ɓawo ba mai ba ce. Duk abin da ke tsakanin gona da akushi, mafi yawansa hannun mace ne. Idan malamin gona ya zo ɗaukar sunaye ya tambayi maigida kawai, to rabin manoman gidan ba su shiga takarda ba, kuma wanda bai shiga takarda ba ba ya cikin rabon taki.

Muna zuwa ƙwadago tare da maza, amma abin da ake ba mu bai kai nasu ba. Babu dokar da ta hana haka?

Akwai dokar mafi ƙarancin albashi. A 2019 an sa shi naira 30,000, a watan Yulin 2024 aka mai da shi naira 70,000. Sai dai dokar da kanta ta cire wasu: wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin da ake biya gwargwadon abin da suka yi, da masu aikin lokaci-lokaci irin na gona. Ke nan kusan duk macen da ke ƙwadago a gonar wani tana wajen inuwar wannan doka. Wannan giɓi ne babba, kuma ya kamata 'yan majalisarmu su ji shi daga bakinmu.

Kafin nan, abin da ke hannunku shi ne ciniki kafin a fara aiki. Masu gona sukan ce aikin mata mai sauƙi ne. Wanda ya yini a duƙe yana roron wake cikin ranar Oktoba ba zai faɗi haka ba. Ku yi jinga a kan aikin, kunya kaza ko buhu kaza, maimakon yini, domin a jinga ba a tambayar wa ya yi, abin da aka yi ake aunawa. Idan da amfanin gona za a biya ku, a fito da mudun da za a auna tun da safe kowa ya gan shi, a kuma faɗi ko da tozo ne ko a shafe. Ku tafi a ƙungiya da shugaba guda mai bakin magana. Mace ɗaya idan ta ce kuɗin ya yi kaɗan sai a ce ta koma gida. Mata ashirin idan suka faɗa ana tsakiyar girbi, mai gona zai zauna a yi magana. Kuɗin motar da za ta kai ku ta dawo da ku, da ruwan sha, su ma a san wanda zai ɗauka.

Mahaifinmu ya rasu ya bar gonaki. Yayyena maza sun ce mace ba ta gadon gona, za su ba ni kuɗi kaɗan. Haka ne?

Ba haka ba ne, 'yar'uwa, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a nan.

A Musulunci Suratun Nisa'i ta yanke maganar. Aya ta 7 ta ce maza suna da rabo daga abin da iyaye da dangi suka bari, mata ma suna da rabo, ko kaɗan ne ko mai yawa. Aya ta 11 da ta 12 suka fayyace: 'ya mace tana da rabin abin da ɗa namiji ya samu, idan ita kaɗai ce ba namiji tana da rabin dukiyar, idan su biyu ne ko fiye ba namiji suna da kashi biyu cikin uku, matar mamaci tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, idan akwai 'ya'ya, rubu'i, wato kashi ɗaya cikin huɗu, idan babu. Ba inda aka ware gona aka ce ta maza ce. Gona dukiya ce kamar gida da shanu da kuɗi.

Yadda ake cin haƙƙin ba da faɗa ake yi ba, da lallashi ake yi. A ce gonar gandu ce kada a tsaga ta. A ce ke kina gidan wani, idan aka ba ki ta koma hannun bare. A ce bari yayanki ya riƙa nomawa yana aiko miki da hatsi, sai shekara ta farko buhu biyu su zo, ta uku mudu goma, ta biyar sai gaisuwa. Ko a yi wa gonar kuɗi cikin gida a farashin da ba wanda zai yarda ya sayar da tasa a kai. Ke kuma kunya ta hana ki magana, kada a ce kin kai 'yan'uwanki ƙara saboda abin duniya.

Kina da damar ki yafe, kina da damar ki sayar musu, amma bayan an fitar da rabonki kin san iyakarsa, kuma da yardarki. Ki nemi a kira malamin da ya san ilimin gado, a auna gonar gaban mai unguwa da shaidu, a kafa alama, a rubuta. Idan kin bar wa yayanki ya noma, a rubuta cewa aro ne ko haya, shekara nawa, me zai ba ki. Idan aka ƙi, kotun shari'ar Musulunci tana raba gado, kuma zuwa can ba yanke zumunci ba ne. Wanda ya riƙe rabon marainiya shi ya fara taɓa zumuncin.

Ga 'yan'uwanmu da ake raba musu gado bisa al'ada, a kudancin Gombe ko kudancin Bauchi, sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda jinsi. A 2014 Kotun Ƙoli ta yi hukunci a shari'ar Ukeje, inda ta soke al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta. Wannan hukunci hujja ce da lauya zai iya tsayawa a kanta. Wadda ba ta da kuɗin lauya ta nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Na daɗe a kan wannan ne saboda duk sauran abubuwan a kansa suke rataye. Wadda ba ta da gona ba ta dasa mangwaro, ba ta haƙa rijiya, ba ta zuba takin gargajiya da zai yi shekaru yana amfani, kuma banki ba ya kallonta.

Ba ni da gado. Ta yaya zan samu wurin noma, musamman na rani?

Haya ko aro ko jingina. Matsalar da aka fi kuka da ita ita ce ki karɓi gonar da ta gaji, ki yi shekara biyu kina zuba mata taki, da ta farfaɗo sai mai ita ya ce ɗansa zai noma. Maganinta takarda: shekara uku ko fiye, da shaidu, ko da a bayan littafin makaranta ne. A karkara ƙaramar hukuma ce ke da ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, kuma dokar ba ta ce sai namiji ba.

Noman rani kuwa, madatsar ruwa ta Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola a Yamaltu/Deba, wadda aka gama a 1984, tana ƙarƙashin hukumar raya kogin Binuwai ta sama mai hedikwata a Yola. Akwai kuma madatsar Balanga, da fadamun kogin Jama'are a arewacin Bauchi. A irin waɗannan wurare ƙungiyoyin masu amfani da ruwa ke da ta cewa kan rabon ruwa da gyaran magudana. Idan babu mace a cikin shugabanninsu, filin mata shi ne na ƙarshen kwata, inda ruwa ke isa bayan kowa ya ƙoshi. Ku shiga, ku biya kuɗin ƙungiya, ku nemi kujera.

Kuɗin sana'ata nawa ne ko na maigida? Kuma yana da ikon hana ni?

Naki ne. Aya ta 32 ta Suratun Nisa'i ta ce maza suna da rabo daga abin da suka tsiwurwurta, mata ma haka. Ci da sha da sutura da muhalli suna wuyan miji ko da matarsa ta fi shi kuɗi. Abin da kika sa a tukunyar gida alheri ne, Allah ya ba da lada, amma ba bashi ba ne da ake bin ki. Idan ya ranci jarinki, rance ne, a faɗi ranar biya.

Batun fita kuma magana ce ta fahimta tsakanin ma'aurata, kuma gara a yi ta tun kafin a sa jari. Amma maigida ya sani cewa fita don neman halal tana da asali. A Sahihu Muslim akwai hadisin Jabir ɗan Abdullahi game da innarsa da aka saka, ta so fita girbin dabinonta wani ya hana ta, Manzon Allah (SAW) ya ba ta izini, ya ce wataƙila ta yi sadaka ko ta aikata alheri da shi. Tana cikin idda fa. Nana Khadija kuma kowa ya san fatauci take yi da dukiyarta.

Kullum ina kan wuta ina soya ƙuli ina matsar mai, amma jarin sai raguwa yake. Ina matsalar?

Mafi yawa a lissafi take, domin akwai abubuwan da ba a ƙirgawa. A ce kin sayi gyaɗa ta naira 20,000, kika sayar da mai da ƙuli aka tashi 24,000. Sai ki ce kin ci ribar 4,000. To cire kuɗin niƙa, cire itace, cire kuɗin mashin ɗin da ya kawo gyaɗar, cire leda da gishiri da yaji. Cire ludayin man da aka zuba a miyar dare da ƙulin da yara suka ɗiba. Cire bashin maƙwabciya da ba a san ranar biyansa ba. Abin da ya rage shi ne ladan yini biyu da kika yi a tsaye, ke da 'yarki. Sau da yawa idan aka yi wannan lissafi sai a ga da ƙwadago kika je da kin fi samu.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin niƙa da na sufuri suka tashi, amma mai ƙosai da mai masa suna jin nauyin ƙara farashi saboda masu sayen maƙwabta ne. Sai su rage girma, ko su ci uwar kuɗin ba su sani ba.

Abu uku ke taimakawa. Ki raba gwangwanin jari da na cefane, kada hannu ya riƙa shiga ɗaya don ɗayan. Ki rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita kowane zubi. Idan boko bai samu ba a yi da ajami, ko ɗanki ya rubuta. Sannan ki sa wa kanki lada a cikin farashin, kamar yadda za ki biya wata da kika ɗauka aiki. Masu gumin shinkafa su ƙara da auna abin da buhun shanshera ke bayarwa bayan an casa, domin a nan ake cin riba ko a faɗi: shinkafar da aka jiƙa daidai, aka turara ba a dafe ta ba, aka shanya a kan tamfol ba a kan kwalta ba, ba ta karyewa a inji, ba ta da tsakuwa, kuma kuɗinta daban ne a kasuwa.

Me ya sa kullum mu ke sayarwa da arha da kaka, mu saya da tsada da bazara?

Saboda buƙata ba ta jira: kuɗin makaranta, magani, biki, da bashin bada-kaka da aka ci tun ana shuka. Mai kuɗi a Tudun Hatsi ko kasuwar Kumo ko ta Soro ya saya ya ajiye, wata biyar ya sayar miki da abinki. Ba duka za a iya riƙewa ba, amma ko buhu ɗaya cikin uku aka ajiye an rage asara. Farashi yakan faɗi wata shekarar, don haka kada a ci bashi mai ruwa don a yi ajiya.

Tsoron ajiya shi ne ƙwari, musamman a wake. Akwai buhun PICS da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. Idan waken ya bushe sosai aka ɗaure kowace leda daban, iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu ba tare da magani ba. Jarka ko duro mai murfi da ke rufuwa ruf su ma suna yi. Abin da nake roƙo a bari shi ne zuba fiya-fiya ko Sniper a cikin abinci. Saboda irin wannan guba Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, kuma kafin ya kai Turai 'ya'yanmu ne ke fara ci. Ƙwayar maganin ƙwarin nan da ake kira bom kuwa, kada a taɓa ajiye buhun da aka sa wa ita a ɗakin da ake kwana. Iskar da take fitarwa tana kisa.

Kafin ki ba dillali kaya, ki kira mutum biyu a kasuwa ki ji farashin ranar, ki kuma san la'adarsa tun farko. Idan ta waya aka biya ki, kada ki yarda da saƙon da mai saye ya nuna miki a tasa wayar. Ki duba asusunki ki ga kuɗin sun zauna.

Wace illa wannan aiki ke yi wa lafiya?

Ta farko hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020. Mai tuyar masa ko mai dafa kalwa tana shaƙarsa sa'o'i, jaririn da ke bayanta ma haka. Tarin da ba ya jin magani da idon da ke zubar da ruwa ba gadon sana'a ba ne da za a haƙura da shi. A fitar da murhu fili ko a buɗe wa madafa taga, a yi amfani da busasshen itace, a gina murhu mai rufaffen gefe wanda ke rage cin itace. Goyo kuma a sauke shi nesa da wuta.

Ta biyu maganin feshi. Ko ba ke kika fesa ba, ke ke wanke kayan wanda ya fesa, ke ke shiga gonar washegari. Mai ciki da mai shayarwa su nisanci gonar da aka yi wa feshi, a wanke kayan feshi daban, kuma robar magani ba ta zama ta zuba mai ko ruwan sha komai wankin da aka yi mata.

Ta uku ba a ganinta. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna suna ɗauke da guba mai suna afulatoksin, wadda ke taɓa hanta tana kuma tauye girman yara, kuma suya ba ta kashe ta. Abin takaici, gyaɗar da aka tsince aka ce ba ta da kyau ita ake sayar wa masu ƙuli da arha. Kada ki saya, kada ki ba kaji. Manoma kuma akwai Aflasafe, maganin rage wannan guba na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, da ake watsawa a gona mako biyu zuwa uku kafin amfanin ya yi fure.

Adashi ya ishe ni, ko in nemi bashin banki? Ina tsoron riba.

Adashi ya riƙe mata tun kafin a san banki, kuma har gobe shi ne farkon jari. Rauninsa biyu: ba ya girma, kuma idan uwar adashi ta shiga matsala kowa ya shiga. Shi ya sa wasu ƙungiyoyi suka koma asusu mai makulli uku a hannun mutum uku, ana zubi ana rubutawa gaban kowa.

Idan za ki banki, ki tambayi abu ɗaya: nawa zan karɓa a hannu, nawa zan mayar gaba ɗaya, a wata nawa? Kashi 5 cikin ɗari a wata yana da daɗin ji, amma a shekara kashi 60 ne. Bashin da ake fara biya mako ɗaya bayan karɓa bai dace da noma ko turkar rago ba, tun da su sai bayan watanni suke kawo kuɗi. Mai gudun riba tana da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya fara a 2019, inda ake saya miki injin ko kayan a sayar miki da ribar da aka sani tun farko. Shi ma a yi masa wancan lissafin.

Tun 2017 akwai dokar da ta yarda a jinginar da kadarar da ake iya ɗauka, kamar inji ko dabbobi, ba sai fili ba. Bankuna ba su rungume ta yadda ya kamata ba, amma ki san da ita. Asusun kuma ya kasance da sunanki, da BVN da NIN naki, lambar sirri a kanki. Idan banki mai lasisi ya rushe, hukumar inshorar kuɗin ajiya ta NDIC tana biyan mai ajiya har naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan, bisa ƙarin da aka yi a 2024. Mai zuwa ya ce ki kawo dubu goma ki karɓi ashirin a wata, kuɗin da kika ba shi ba su da wannan kariya.

Ana ta cewa an ba mata tallafi, mu ba mu gani ba. Ina yake tsayawa?

Shirye-shirye an yi su: Fadama kashi-kashi, shirin ba manoma rance na Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, rancen ƙananan 'yan kasuwa na TraderMoni na naira 10,000 a 2018. Hukumomin raya aikin gona na jihohin biyu suna da sashen mata. Amma mafi yawan tallafi ta hannun ƙungiya mai rajista yake bi, kuma akwai ƙungiyoyin da ba a haifarsu sai an ji ƙamshin rabo, sunayen mata a takarda, kayan a gidan wani. Ku yi rajistar taku a ofishin ƙungiyoyin gama kai, ku riƙe takardar da kanku, ku buɗe asusu mai sa hannun mutum biyu ko uku. Kada ki ba kowa katinki ko lambar da aka turo miki ta waya don wai zai cike miki fom.

Ra'ayina shi ne, tara mata a fili a raba musu injin taliya a ɗauki hoto ba ya canza komai idan bayan wata guda an sayar da injin an sayi masara. Abin da ke canza rayuwa ba ya hoto: malamar gona mace da za ta iya shiga cikin gida, injin casa kusa da gari, hanyar da mota za ta bi da damina, fili da sunan mace. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2011 cewa da mata za su samu kayan noma daidai da maza, amfanin gonakinsu zai ƙaru da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. A Maputo, babban birnin Mozambik, a 2003 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 10 na kasafi ga noma. Idan ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, a tambaye shi waɗannan.

Ina so in riƙa ƙulla yaji da dambun nama da garin kunu ina kaiwa kantuna. Sai na yi rajista?

Idan za ki sa a leda ko roba mai suna ki kai kanti, e. Ki fara da rajistar sunan sana'a a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, sannan lambar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC, wadda ke da ofis a Gombe da Bauchi. Za su duba wurin aikin, don haka a ware ɗaki mai tsabta daban da madafar gida. Mata da yawa za su iya haɗuwa su yi ɗaki ɗaya da suna ɗaya. Ki je ofishin da ƙafarki, kada ki saya lamba a hannun ɗan tsakiya. Mai dafa abinci tana sayarwa nan take kuwa, hulɗarta da duba-gari ce ta ƙaramar hukuma. Duk kuɗin da aka karɓa a ba ki rasit.

Ina aiki a gidan abinci. Na samu ciki an ce in tafi. Ina da haƙƙi?

Sashe na 54 na dokar ƙwadago ya ba mace hutun mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata 6 tana aikin, da rabin sa'a sau biyu a yini don shayarwa. Ya kuma hana a sallame ta tana cikin wannan hutu. Wahalar ita ce yawancin masu wanke-wanke da tuƙin tuwo ba su da takardar ɗauka aiki, don haka ki ajiye duk wata shaida, ko saƙon waya ne ko na biyan albashi, ki kai kuka ofishin ƙwadago. Hajiya mai gidan abinci, ke ma mace ce, kin san abin da tsayuwa gaban tukunya da cikin wata takwas yake nufi.

Idan kuma maigidan aiki ko mai rabon aiki a gona ya nemi ki da lalata kafin ya biya ki ko ya ɗauke ki, laifi ne. Dokar hana cin zarafi ta 2015 tana nan, Bauchi da Gombe duk sun amince da irinta. Ki faɗa wa wadda kika yarda da ita tun a ranar, ku je Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ko wurin FIDA tare.

Idan na hana 'yata talla, wa zai sayar mini?

Tambaya ce ta gaskiya, kuma masu zagin iyaye kan talla ba su cika amsa ta ba. Uwa tana ciki, kasuwa tana waje, yarinyar ce ƙafarta. Amma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara 9 na karatu, kuma abin da ke samun yarinya a tasha da gareji bayan magariba kowa ya sani. Hanyoyin da ke aiki su ne sari ga mai shago ko mai shayi, sayarwa daga ƙofar gida, karɓar oda ta waya, ko mata biyar su ɗauki dattijuwa ɗaya su riƙa ba ta la'ada. Ribar za ta ɗan ragu. Yarinyar da ta iya karatu kuma ita za ta riƙe miki littafin lissafin da aka ambata a sama.

Kiwo fa? Shi ne ake cewa bankin mace.

Haka ne, muddin dabbar taki ce har ranar sayarwa, kuma kin san nawa aka sayar. Idan maigida ko ɗa zai kai kasuwar Kashere ko ta Alkaleri, ki ji farashi ta waya kafin a sallama. Mai turkar ragon layya ta saya harawa da ƙaiƙayi da dusa tun kaka suna arha, ta kuma sa su cikin lissafi. Sannan rigakafi: annobar awaki da tumaki da ta kaji duk suna da allura, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke Filato tana yin su. Kwalba ɗaya ta dabbobi da yawa ce kuma ba ta jimre zafi, don haka matan unguwa su haɗa dabbobinsu rana ɗaya su kira malamin dabbobi kafin sanyin hunturu ya shigo. Sabuwar akuyar da aka sayo daga kasuwa a ɗaure ta gefe mako biyu kafin ta shiga cikin sauran.